Filin Tambaya da Amsa: "Anti, wainar 'yan Eritiriya ta yi min tsami, ko ta kwana ne?"

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni uku na ware saboda duk kan abu ɗaya suke, abincin mutanen Eritiriya, kuma wallahi da na gansu sai da zuciyata ta koma Khartoum shekarun da nake karatu can, don a hannun matan Eritiriya na unguwar Deim na fara cin wannan abincin. Bismillah.

TAMBAYA TA FARKO, daga wata ɗaliba a Birmingham, Ingila

Salam Anti, da fatan kina lafiya ya iyali. Dan Allah ina da tambaya. Ni ɗaliba ce wata na biyar kenan da zuwa, a layinmu akwai wani ɗan ƙaramin shagon shayi da abinci tebur biyar ne kawai a ciki, matar da ke da shi 'yar Eritiriya ce kullum in na wuce sai ta gaishe ni, ran nan sanyi ya dame ni ga kewar gida sai kawai na shiga. Ta kawo min wani faifan waina mai faɗi kamar sinasir amma ruwan toka, ta zuba miya kala huɗu a kai ba cokali ba komai. Anti da na gutsuri wainar na kai baki tsami ne ya bige ni sai na ɗauka ta kwana ne, na ɗan ci miyar wake kawai na bar naman don ban san wa ya yanka ba, na biya na fito. Tun ranar kunya nake ji in zan wuce saboda na ga fuskarta ta canza da ta ga na bar abincin. Shin wainar ta lalace ne ko haka take? Kuma ya halatta in ci?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu ya kawo ki gida lafiya. Ki kwantar da hankalinki, wainar nan lafiyarta ƙalau, haka ake yinta kuma in babu wannan tsamin su a wajensu ba ta yi ba. Sunanta injera, masu yaren Tigrinya kuma a gida taita suke ce mata. Da garin wani hatsi ake yi mai suna tef, ƙwayarsa ƙanana ne sosai sun fi na acca ƙanƙanta, ana kwaɓa garin da ruwa a zuba ɗan ruwan tsohon ƙullu a ciki a rufe a bar shi kwana biyu zuwa uku ya tashi da kansa. Kin san yadda ƙullun masa yake in ya kwana ko gasarar koko da aka bari ta yi kwana biyu, toh wannan tsamin ne kawai nasu ya fi namu ƙarfi saboda sun fi mu barinsa ya daɗe. Sai a tsiyaya shi a kan wani faffaɗan kasko da suke kira mogogo, a fara daga baki a zagayo zuwa tsakiya, a rufe, ba a juya ta, gefe ɗaya kawai ke taɓa wuta shi ya sa kika ga ƙasanta sumul samanta kuma duk 'yan ramuka. Su idanu suke ce wa ramukan nan, kuma mace da ta iya injera da idanun ake gane ta.

Kuskuren da kika yi, kuma ni ma shi na yi ranar farko, shi ne cin ta gaya. Ba a cin injera ita kaɗai. Wa zai ci tuwon dawa gaya ya ce ya san daɗin tuwo? An yi tsamin nan ne don ya haɗu da yaji da maiƙon miyar, in kika yago 'yar kaɗan da hannun dama kika ɗora a kan miya kika dunƙule ta da naman ko waken a ciki sannan kika kai baki, za ki ji tsamin ya kwanta ya zama shi ne ma ke sa ki ƙara kai hannu. Kuma ki bar ta ƙasan nan wadda miya ta jiƙa zuwa ƙarshe, ita ce ta fi komai daɗi a faifan, yaran gida har rigima suke a kanta. Ita ce faranti ita ce cokali ita ce tuwon, shi ya sa ba ta kawo miki cokali ba, ba rashin kula ba ne.

Daga bayaninki ina jin na san abin da ta zuba miki. Jar miyar nan mai duhu da nama yanka ƙanana ita ce zigni, ita ce sarauniyar miyarsu, albasa ake zubawa mai yawan gaske a tukunya a yi ta juyawa har ta narke tun kafin a sa mai, sannan a zuba yajinsu berbere da tumatir da man shanun da aka soya da kayan ƙamshi wanda suke kira tesmi, a bar naman ya dahu a hankali. In da kaza aka yi da dafaffen ƙwai a ciki sunanta tsebhi derho, wannan ta baƙo ce da ranar biki. Wadda kika kira miyar wake in mai laushi ce sumul kamar kunu mai kauri shiro ce, garin waken nan da Larabawa ke yin humus da shi ake dafawa da albasa da tafarnuwa, in kuma kina ganin ƙwayoyin to adas ne, wani ƙanƙanin wake mai faɗi, su birsen suke cewa. Ganyen kuma hamli ne, kusan yadda muke gyara alayyafo. Akwai alicha ma wadda ba a sa mata barkono, dankali da karas da kabeji da kurkum, in cikinki ba ya son yaji ita za ki nema. Ki tambaye ta ko tana yin hilbet, wannan ni har yau ina kewarsa, wake da adas da hulba ake niƙawa a dafa a yi ta bugawa har ya yi fari ya yi kumfa kamar an buga nono sai a ɗiga jan yaji a tsakiya. Hulbar nan dai da iyayenmu ke ba masu jego.

Sai batun halasci wanda na san shi ya fi damunki. Abu na farko, mutanen Eritiriya akwai Musulmi da yawa akwai Kirista da yawa, ƙabilu tara ne a ƙasar, Tigrinya na kan tudu galibinsu Kiristocin Orthodox ne, Tigre da Saho da Afar da Beja da Rashaida kuwa kusan duk Musulmi ne, don haka kada ki yanke hukunci tun ba ki tambaya ba. Na biyu, su Kiristocin Orthodox ɗin ma ba sa cin alade, haramun ne a al'adarsu, ba za ki same shi a tukunyarta ba. Na uku kuma wanda zai sa ki saki jiki, tambayar "wa ya yanka" ba baƙuwa ba ce a wajensu ko kaɗan, a can ƙasarsu ma tun kaka da kakanni Musulmi da mahautansu Kirista da nasu, kowa yankan nasa yake ci kuma suna zaman maƙwabtaka a haka ba wanda ke jin haushi. Saboda haka in kika ce mata Mama naman nan daga ina kike sayowa, ba za ta ji komai ba, ta saba. A gari irin Birmingham da mahautan halal suka cika ko'ina masu ƙananan shaguna da yawa can suke saye, amma ki tambaya ki ji daga bakinta. Hukuncin yankan Ahlul Kitabi kuwa wannan na malamai ne, ki tuntuɓi malamin da kika yarda da shi, ni girki na sani.

In kuma zuciyarki ba ta natsu da naman ba akwai hanya mai sauƙi. Su Orthodox suna azumi duk Laraba da Juma'a, ga babban azuminsu na kwana 55 kafin Ista, kuma a ranakun azumi ba sa taɓa nama ko ƙwai ko madara ko man shanu, wannan ne ya sa suka ƙware a girkin da ba nama ƙwarewa ta gaske. Ki ce mata kina son na tsom, wato na azumi, kin ji kalmar ma kusa take da saumu na Larabci, za ta jera miki shiro da adas da hamli da alicha dukkansu da man gyaɗa ko makamancinsa aka yi. Abin da za ki kiyaye shi ne abin sha, suwa giyar hatsi ce ta gida kamar burkutu, mes kuma ta zuma ce, sai araki, waɗannan duk masu sa maye ne. Tsamin injera kuwa ba shi da alaƙa da wannan, tsamin ƙullu ne irin na masa.

Ki koma ƙanwata. Matar da ke gaishe ki kullum a ƙasar da mutum zai shekara maƙwabcinsa bai ce masa sannu ba, ba a barinta da tunanin an raina girkinta. Ki shiga ki ce selam, ki gaya mata gaskiya cewa ranar ba ki san yadda ake ci ba ne ta nuna miki. In ta dunƙula loma ta miƙo bakinki kada ki kauda kai, kulaso suke ce masa, girmamawa ce da nuna ƙauna, uwa na yi wa ɗanta, mai gida na yi wa baƙo. In kin gama ki ce yekenyeley, wato na gode. Abu ɗaya kuma dan Allah, kada ki ce mata "abincin Habasha" da nufin Itopiya ko da kin ga iri ɗaya ne da na shagon 'yan Itopiya. Shekara 30 suka yi suna yaƙin neman 'yanci daga hannun Itopiya tun 1961 zuwa 1991, aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1993 suka zama ƙasa, aka sake gwabzawa kan iyaka daga 1998 zuwa 2000, da wuya ki sami gidan da bai rasa wani ba. Ki kira ƙasarta da sunanta.

TAMBAYA TA BIYU, daga wani magidanci a Jidda

Hajiya barka da aiki. Ni direba ne a Jidda, abokin aikina ɗan Eritiriya ne Musulmi mutumin garin Keren, ya kai ni wani ɗan wuri a unguwarsu muka ci fuul, wato dafaffen wake, da safe sannan aka ce a tsaya a sha gahawa. Na sha kofi ɗaya na miƙe saboda ina da aiki, sai ya kama hannuna ya ce ba a haka. Mun fi awa ɗaya a wajen. Meye sirrin abin, kuma in ina sauri ya zan yi ban ɓata wa kowa ba?

AMSA

Malam barka dai, Allah ya tsare hanya. Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Gahawa a wajensu, wadda suke kira bun, ba abin da ake kurɓa a tsaye ba ne, zama ne ake yi mata kamar yadda 'yan Nijar da Buzaye ke zaman shayi, na farko da na biyu da na uku, ka san in ka sha na farko ka tashi ai ka bar zancen a rabi. Ɗanyen 'ya'yan gahawa mace za ta wanke ta soya a ɗan kasko a kan garwashi a gabanku, in ya yi baƙi ya fara hayaƙi ta zagayo da shi kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa, ta daka, ta zuba a wata 'yar butar ƙasa mai dogon wuya da ake kira jebena, da yawansu suna ƙara citta, ta toshe bakin butar da ɗan zare-zare don ya tace, sannan ta tsiyaya daga sama a ƙananan kofuna marasa mariƙi, finjal, ga lubban na ci a gefe ga gugguru a faranti. Zagayen farko sunansa awel, ka ji Larabci a ciki, shi ne mai ƙarfi. Na biyu kale'i. Na uku bereka, wato albarka, kuma shi ne dalilin da ya riƙe hannunka, wanda ya tashi kafin na uku kamar ya tafi ya bar albarkar zaman ne kuma ya nuna wa matar da ta ɓata lokacinta cewa aikinta bai kai a jira ba.

In ka kurɓi na farko ka ce tu'um, ma'ana ya yi daɗi, mai dafawar tana jiran ta ji wannan kalmar. In kuma kana da aiki, tun kafin a ɗora kasko a wuta za ka faɗa, ka ce yau ina sauri a ba ni shayi kawai ranar hutu zan zo a yi bun da ni. Ba wanda zai ji haushin wannan. Abin da ba a so shi ne a fara da kai ka tsinke a tsakiya.

Fuul ɗin da kuka ci kuwa ai ka san shi a Saudiyya, sai dai nasu suna dama shi su ɗora albasa da tumatir da ɗanyen barkono da berbere wani lokaci har da kindirmo da ƙwai. Wata rana ka ce a ba ka kitcha fitfit, gurasa ce marar yisti ake marmasawa a cuɗa da man shanu da yaji a ci da kindirmo, ko kuma ga'at wanda mutanen gangare ke kira akelet, shi wannan in ka gan shi za ka ce tuwo ne, an tuƙa shi da tauri an mulmula an yi rami a tsakiya an cika da narkakken man shanu da yaji an zagaye shi da nono, shi ake yi wa mai jego da masu zuwa barka. Kuma tunda mutumin Keren ne ka tambaye shi labarin Takarir na wajen Teseney kusa da iyakar Sudan, jikokin mutanenmu ne da suka bi hanyar Makka a ƙasa suka yada zango can, akwai Hausawa a cikinsu. Ka tambaye shi kuma Masallacin Sahabbai na garin Massawa da ke bakin teku, wanda mutanen garin ke dangantawa da sahabban da suka tsallaka teku a hijirar farko zuwa wajen Najjashi. Hirar nan kaɗai za ta kai ku har bereka ba ka duba agogo ba.

TAMBAYA TA UKU, daga wata uwargida a Kano

Anti na ci injera da zigni lokacin da muka je Umara har yau ina santi, maigida ma ya ce in gwada. Amma na zagaya ban ga tef ba. Zan iya da abin da muke da shi?

AMSA

Uwargida sannu da ƙoƙari. Za ki iya, kuma ba ki saɓa wa asali ba don a Eritiriyar ma gidaje da yawa musamman a gangare da dawa suke yi, wasu su haɗa da alkama ko sha'ir, tef tsantsa ba kowa ke samu ba. Ba zai zama sak irin wanda kika ci ba amma zai yi kusa. Ki samu farar dawa a surfa a niƙo miki ita da laushi sosai ki tankaɗe, gwangwani biyu na garin dawa ki haɗa da gwangwani ɗaya na fulawa don ita za ta riƙe miki shi kada ya kakkarye, ki dama da ruwa, tunda ba ki da tsohon ƙullu ki sa ɗan yisti kaɗan a karon farko, ki rufe. A zafin Kano kwana biyu ya isa, lokacin sanyi ki bar shi uku. Za ki ga ruwa ya taso sama mai ɗan duhu, ki tsiyaye shi ki ajiye kaɗan a kwalba a firij shi ne yistinki na gaba. Sai ki sassauta ƙullun da ruwa mai ɗumi ya fi na sinasir ruwa sosai, ki bar shi ya sake tasowa kamar awa ɗaya.

Wajen suya ne mutane ke faɗuwa. Kasko marar kamu za ki sa, ki goge shi da ɗan mai a tsumma kawai kada ki zuba mai kamar na masa, ki tsiyaya siriri ki jujjuya kaskon ya bazu, ki jira sai idanun sun fito ko'ina sannan ki rufe minti ɗaya ko biyu, in gefen ya ɗago ki zare ta ki shimfiɗa a kan faifai ta huce. Kada ki juya, kada ki ɗora wata kan wata da zafi za su manne. Na farko da na biyu yawanci ba sa kyau, matar da ta koya min a Khartoum ma haka take cire na farkon ta ajiye gefe.

Yajin kuma duk kayansa suna Kasuwar Kurmi da Rimi. Busasshen tattasai shi ne mai yawa don shi ke ba da jan launin, sai barkono daidai ƙarfinku, citta, busasshiyar tafarnuwa da albasa, masoro, kanumfari, kirfa, habbatus sauda, da hulba. Ki ɗan gasa su sama-sama kafin ki daka, hulbar kuma ki yi hankali da ita, in ta yi yawa ko ta ƙone ɗaci za ta yi miki ta ɓata tukunyar gaba ɗaya. Man shanu kuwa ai mun riga mun saba soya shi da albasa, ki ƙara tafarnuwa da citta da ɗan kurkum da 'yar hulba a wuta kaɗan sannan ki tace, kin sami tesmi kenan.

Zignin kanta haƙurin albasa ne. Nama kilo ɗaya ki yanka masa manyan albasa biyar ko shida ƙanana-ƙanana, ki zuba a busasshiyar tukunya kina juyawa kina yayyafa ruwa in za ta kama har sai ta narke ta yi ja, wannan kaɗai zai ci miki rabin awa kuma in kika gajarta shi miyar jajjage za ki samu ba zigni ba. Sannan man, sannan yajin ki soya shi sosai da ɗan ruwa har ɗanyen warin ya fita, sannan tumatir, sannan naman, ki rage wuta. Ba daddawa a ciki. In ta ragu washegari ki zuba ta a kan taliya, haka suke yi a Asmara babban birninsu, Italiya ta mulke su daga 1890 zuwa 1941 ta bar musu taliya da makiyato, wato gahawa mai madara, su kuma suka ɗora mata zigni.

Matar nan da ta koya min, ɗaki ɗaya gare ta da rumfa a tsakar gida da benci biyu, ta baro ƙasarta saboda yaƙi ta zo Khartoum tana sayar da injera tana biya wa 'ya'yanta makaranta, in kuɗinmu ya ƙare a ƙarshen wata ta zuba mana shiro ta ce ku kawo in an turo muku. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 lambarta ta daina shiga, na yi ta cigiya wajen waɗanda muka yi karatu tare. Dan Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a ita da 'ya'yanta. Uwargida in kin gwada ki turo min hoton idanun in gani, mako mai zuwa kuma insha Allah za mu amsa tambayoyin da suka taru kan dambun nama da yadda ake ajiye shi ba ya fumfuna.